Hanyar Gidan Kawu

Makokin Kawu ya rabu gida biyu tun ranar farko, kuma ba wanda ya raba shi. A gefen titi, ƙarƙashin rumfar da muka kafa a ƙofar gida a Ƙaura Namoda, samari ne cike, wasu daga Shinkafi, wasu har daga Jangeru. Yawancinsu ba su taɓa ganinsa da rai ba, amma suna kiran sunansa kamar kakansu ne ya rasu. Wani ya rungume ni yana kuka, abokinsa kuma na ɗaukar mu hoto. A jikin katanga kuwa tsofaffin ƙauyenmu ne a kan tabarma, waɗanda suka taso daga duk inda gudun hijira ya watsa su. Su ba su yi kuka ba. Kowa ya miƙo mini hannu ya ce, "Ya haƙuri?" ya koma ya zauna yana jan carbi. Na lura da yawansu ba su dubi fuskata ba.

Ana cikin addu'a bayan la'asar, liman ya ɗaga hannu, sai waya ta yi ƙara a cikin tsofaffin. Gangar Kawu ce ta fara tashi, sannan muryata ta biyo baya tana kiran sunansa. Wayar aminin Kawu ce, tsohon da suka tashi tare tun suna kiwon awaki. Ya yi ta lalube a aljihun riga bai samu madannin ba, waƙar kuwa ba ta jira shi ba. Samari suka sunkuyar da kai suna ɓoye murmushi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce har cikin gida mata sun ji, aka yi tsit. Ni dai na ji da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Ni mawaƙin hip hop ne. Kawu yayan Inna ne, ciki ɗaya. Ba zan faɗi sunansa a rubutun nan ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyenmu ba. Na taɓa faɗinsu sau ɗaya da babbar murya, kuma abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa aka binne shi a Ƙaura cikin baƙi, ba a gefen matarsa ba.

Makaɗin noma ne shi, a wani ƙauye bayan Moriki, cikin ƙasar Zurmi. Duk wanda ya kira gayya, wato ya tara jama'a su taya shi noma, to sai ya fara zuwa wurin Kawu kafin ya sa rana. Ina yaro nakan bi shi in riƙe masa buta. Yakan tsaya a bakin gona da ganga a kafaɗa, manoma su jeru kowa da kunyarsa, shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kirari: sunan mutum, sunan ubansa, unguwarsu, abin da ya mallaka. Kuma ba ya faɗin abu yadda yake. Mai akuya uku ya zama mai garke. Mai rumbu ɗaya ya zama wanda ke ciyar da gari. Kowa ya san ƙari ne, ba wanda ya taɓa kiransa ƙarya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Yabo riga ta, ɗan nan. Babba aka ɗunka ma mutum, shi yi ta ƙoƙari hal shi cika ta."

Abin da na fi tunawa shi ne ba gwanaye ya fi yi wa kiɗa ba. Akwai wani ramammen mutum da kullum ake bari a baya, mai tari. Da Kawu ya ga an yi masa nisa sai ya bar kowa ya koma bayansa, ya dasa masa ganga a kunne, ya yi ta zuba masa kirarin da ko sarkin noma bai samu ba. Mutumin nan sai ya ciji leɓe ya kama sara har ya cim ma sahu. Da aka tashi shan fura, Kawu ya tura masa ƙwaryarsa yana cewa shi cikinsa ba ya son tsami. Ƙarya yake yi, duk gidanmu ba wanda ya kai shi son fura mai tsami.

Hannunsa ba ya zama. In yana jiran abinci zai kaɗa gwiwarsa, in yana kan jaki zai kaɗa wuyan jakin, har a sahun salla sai da liman ya taɓa yi masa magana. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ta auri mutum ɗaya amma da ganga take kwana. Da ta rasu aka binne ta a maƙabartar da ke bayan gonarsa, kusa da wata aduwa. Daga nan duk wanda ya je gaishe shi sai ya nuna wurin da haɓa ya ce, "Ga makwancina can, an riga an ɗumama mani."

Lokacin da na fara waƙa muna zaune a Ƙaura, mahaifina ya ce ko dai in bari ko in bar masa gida. Na zaɓi na biyun, da taurin kan ƙuruciya. Ƙauye na nufa. Kawu bai tambaye ni komai ba, ya ba ni ɗaki, ya ba ni hauya. Sai da na yi damina guda a wurinsa sannan ya sa babbar rigarsa ya shiga motar Ƙaura shi kaɗai. Ban san abin da ya faɗa wa mahaifina ba har yau. Ya dawo da yamma ya ce in haɗa kayana, an yafe mini, amma in na kuskura na sa ɗan kunne shi da kansa zai cire shi da kunnen.

Wannan ba yana nufin yana son waƙata ba ne. Sarkin surutu yake kirana. Yakan ce ina magana kamar mai tallan maganin basir a kasuwar Shinkafi. Rigimarmu ta gaske kuwa ta zo ne ranar da na kunna masa waƙoƙina na farko, waɗanda nake ji da su. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai motsa ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zagi ciwo.

"Wa kaka yi ma waƙag ga?" ya ce.

Na ce ta kowa ce, Kawu, ta matasa ce duka.

"Kowa ɗan wane na? Ina gidansu?" Ya ture wayar da yatsa. "Tun ɗazu kana ta hwaɗin kai na gwani, kai na zaki. Ba ka ambaci uwarka ba, ba ka ambaci garinku ba. Waƙad da ba ta da mutum ciki, iska ta."

Na fusata na ce zamaninsu ya wuce, yanzu ba a bin mutane gona-gona ana roƙo. Kalmar roƙon nan ta shige shi, na gani a idonsa. Ya tashi ya shiga ɗaki. Mun daɗe ba mu yi wata doguwar magana ba, sai gaisuwa. Amma maganarsa ta zauna mini a ƙirji, domin na san gaskiya ya faɗa.

Da na samu damar shiga situdiyo in haɗa albam ɗina na farko, sai na ce zan biya shi. Na je ƙauye na roƙe shi ya kaɗa mini ganga in ɗauka. Lokacin gayya ta riga ta mutu, mutane ba sa iya taruwa a gona saboda 'yan bindiga, gangar tana rataye a zaure ta yi ƙura. Ya ja mini rai sosai kafin ya sauko da ita. Da ya fara kuwa sai da maƙwabta suka leƙo ta kan darni.

A kan wannan kiɗan na rubuta masa waƙa, kuma na yi ta yadda ya koya mini. Na faɗi sunansa da na ubansa da na ƙauyenmu. Shanun huɗarsa biyu na mayar da su garken da ba ya ƙirguwa. Rumbunsa ɗaya na ce rumbuna ne jere kamar unguwa. Na ce ɗan ƙanwarsa ya yi arziki a birni kuma duk nasa ne. Sannan, don kada ya sake tambayata ina gidansu, na ba da kwatance:

In ka bar Moriki ka miƙe gabas,
ka wuce marke mai rassa biyu,
ka sha ruwa a rijiyar hannun dama,
ka tsallake ƙorama, ka ji ƙamshin gero,
zauren da ganga ke rataye, nan ne gida.

Na yi alfahari da baitin nan fiye da komai a albam ɗin. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ba manoma kaɗai ke da kunne ba. Na san halin da ƙasarmu ke ciki, na san ana ɗaukar mutane a hanya, amma a kaina waƙa waƙa ce, daji daji ne.

Albam ya fita ya karɓu fiye da yadda na yi mafarki. Masu tura waƙa a waya a tashar Ƙaura suka ce ba abin da ake tambaya sai shi. 'Yan kabu-kabu na sa shi, masu shayi na sa shi, gidan biki in ba a sa waƙar Kawu ba amare ba sa tashi rawa. Aka fara kirana wasa a garuruwan da da sai dai in ji sunansu, har tsallaken iyaka. Wani kamfani ya ɗauki kiɗan ya yi talla da shi. Na sayi mota, na gyara wa Inna gida, mahaifina da ya kore ni ya fara cewa "yaron nan namu" a majalisa. Kuma duk wanda ya san albam ɗin ya san ba ni na sayar da shi ba, gangar tsohon nan ce.

Shi ma ya ji daɗi, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Ranar kasuwar Moriki yakan sa hularsa ta salla ya bi ta rumfar masu waya a hankali, ko Allah zai sa wani ya gane shi. In aka ce, "Baba, kai ne na cikin waƙa?" sai ya ɗaure fuska ya ce shi bai san zancen ba, alhali hannunsa na kaɗa kiɗan a cinyarsa. Ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba cewa Sarkin surutu ya fara hankali.

Saƙo na biyu ba daga gare shi ya zo ba. Wani maƙwabcinsa da 'yan bindiga suka tare a hanyar gona suka sako shi ne ya kawo. Ya ce sun zaunar da shi a gindin itace, ɗayansu ya ciro waya ya kunna masa waƙar, suna ta gyaɗa kai. Suka ce ya gaya wa mai garken nan suna nan zuwa gaishe shi, kuma ba sai an yi musu jagora ba.

Na kira Kawu na ce ya taso. Ya ce gero ya fara fitar da kai, ba inda za shi. Na ce zan aiko mota, ya ce in aiko ta kwashi kara. Inna ce ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Ta ce ta same shi yana gyaran darni, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Yaya, in sunka ɗauke ka, ɗana na yak kashe ka. Kana so shi rayu da wanga?" Sai ya ajiye igiyar hannunsa. Don ni ya baro gida, ba don kansa ba. Bai ɗauko ko gangar ba, ya ce kwana kaɗan ne.

Sun zo bayan tafiyarsa, da rana tsaka. Ba su ga garke ba, ba su ga rumbuna ba, kuma ba su yarda babu ba, tunda ga shi a waƙa. Suka daki mutane wai su faɗi inda aka ɓoye shanun. Aminin Kawu ya rasa jin kunne ɗaya a ranar. Suka kora shanun huɗar nan biyu da na sauran jama'a, suka sa wa rumbu wuta, zauren ya kama. Daga nan suka mayar da zuwa al'ada, mutane suka fara ɗaure kaya gida-gida har garin ya zama kango.

An sha ba ni haƙuri da cewa ko ba waƙa da sun zo, ga ƙauyuka nan birjik da ba wanda ya taɓa yi musu waƙa kuma an tashe su. Gaskiya ne, na sani. Amma waɗancan ba ɗan gari ne ya ba da kwatance ba.

Na kama wa Kawu gida mai kyau a Ƙaura, da tayil da fanka da wutar sola. Ya shiga falon ya duba ya fito, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, nan ya zauna har ƙarshen ransa. A ɗan siririn filin da ke jikin katanga ya shuka gero, bai fi a rufe da zane ba, yana yi masa noma da cokalin miya. Duk direban Moriki da ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce, "Ya hanya?" Su ce sai addu'a, Baba. Ya ce, "To, bayan kaka." Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Hannunsa ya daina kaɗa gwiwa, Inna ce ta fara lura.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ranar da na tattara ƙarfin hali na zauna gefen tabarmarsa na ce ya yafe mini, sai ya dube ni kamar na yi wauta.

"Ni nac ce ka ambaci mutane," ya ce. "Ka ambata. Laihinka guda na, wurin sunan ubana ka yi gaggawa, ba ka ja numhwashi ba. Ba a hwaɗin sunan dattijo da gudu."

Na yi dariya, sannan na tashi na shiga mota na rufe gilashi, don kada ya ga abin da ya biyo bayan dariyar.

Na daina rera waƙar a wurin wasa. Bai hana komai ba, in na ƙi jama'a sai su ɗauka da kansu, fili guda na kwatanta hanyar garin da ba kowa a cikinsa, suna tsalle. Kuma albam ɗin bai daina kawo mini alheri ba. Da shi na biya asibitin Kawu. Da shi aka sayi likkafaninsa. Ban san yadda mutum ke godiya ga Allah a kan abu yana kuma jin kunyarsa ba, amma haka nake kwana nake tashi.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, na je na tsuguna gaban aminin Kawu, ta gefen kunnensa mai ji. Na ce, "Baba, zan sa a sauke waƙar nan daga ko'ina. Kai ma in ka yarda in canza maka ƙarar wayar."

Ya damƙe aljihunsa. "Kak ka taɓa mani."

Na ce na ɗauka tana ɓata musu rai.

"Tana ɓatawa," ya ce. "Ba don kai muka saurare ba, kak ka ɗauka mun manta. Amma cikinta garinmu shina nan da mutane. Rijiya da ruwa, zaure bai ƙone ba. In ka sauke ta, ina za mu?"

Na riga na san abin da yake nufi. Na gani da idona kwana kaɗan kafin nan, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yanzu.

Ranar da jikin Kawu ya yi tsanani, da hantsi, ni da shi ne kaɗai a ɗaki, Inna ta fita dama masa kunu. Ya daina tambayar hanya tun makon da ya gabata, ya san ba aduwa, ba gefen matarsa. Ya yafito ni ya ce, "Sarkin surutu, sa mani abin nan naka." Na yi kamar ban gane ba. Ya ce, "Ba wurin ƙaryar shanu ba. Wurin hanya."

Na kunna, na ɗora wayar a kan matashinsa. Ya rufe ido. Da muryata ta ce a bar Moriki a miƙe gabas, sai na ga yatsansa ya ɗaga daga kan zane ya nuna gaba. A wurin marke ya ɗan karkata shi. A rijiya ya motsa leɓe kamar mai kurɓar ruwa. Da aka zo ƙorama ya ɗage ƙafarsa kaɗan, ƙafar da ta kwana biyu ba ta motsi. Sai hannun nan da ya daɗe a mace ya fara kaɗa katifa, a hankali, daidai da gangarsa.

Baitin ya ƙare, waƙar za ta wuce gaba, na kai hannu zan mayar masa da ita baya. Ya riƙe mini yatsa, idonsa a rufe.

"Kashe ta nan," ya ce. "Mun iso."

Bai sake wata magana ba sai kalmar shahada, da azahar.

Allah, ga bawanka nan, makaɗin da ke komawa bayan wanda aka bari a baya. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwancin da ba shi ya zaɓa ba, ka sada shi da matarsa a inda ba a tashin gari. Mutanen ƙauyenmu kuma ka mayar da su gida da ƙafafunsu. Ni ban san abin da zan roƙa wa kaina ba tukuna.